Ranar da Muka Kai Shanun Altine Rijiya

Kai, mai sabuwar hular bere, cire usur ɗin nan daga bakinka, ba a ɗauke ka aiki don ka razana kaji ba. Ku matso ku zauna. Tun da safe nake jin gunaguninku, wai an ɗauke ku polis na meri, ofishin magajin gari, amma ba a ba ku moto, ko babur ɗaya, ba, wai kuma aikin ba wani abu ba ne, tsayuwa ce bakin kasuwa da ɗaga hannu. To madalla. Ni Lawali kun same ni cikin wannan tenu ta polis, amma kafin ita, jar riga na sa, dogari ne ni a gidan Sarkin kantonmu, kuma rabin abin da nake ci da shi yau can na koye shi. Zan ba ku labarin shanun wani Bafillace mai suna Altine, waɗanda suka kusa mutuwa da ƙishirwa a hannunmu, cikin garkar tsare dabbobin nan da kuke hange bayan gari. Sai dai ba za ku gane shi ba sai kun san yadda ake aikin tukuna, don haka ku yi haƙuri da tsoho.

Aikin farko da aka aike ni daga fada, jaki ne. Wata tsohuwa ta shanya dawarta a ƙofar gida, jakin maƙwabci ya zo ya yi kalaci da ita. Aka haɗa ni da Baba Tanko, shugaban dogarai, dogon mutum mai ƙaramar murya, wanda ban taɓa ganin ya yi gudu ba ko gobara ake yi. Ni kuwa sai zumuɗi, igiya a hannu, so nake in cafke jaki in ja shi ta tsakiyar gari kowa ya gan ni. Muna isa Baba Tanko ya tsuguna gaban tsohuwar ya shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya jikoki, yaya ƙafar nan da ke damun ki. Ya tashi ya je ya gaida mai jakin haka nan, har da tambayar ɗansa da ya tafi ci-rani. Kafin ya ambaci dawa, muryoyin su biyun duk sun sauka. A hanyar komawa ya ce mini, "Lawali, in ka tarar da mutum yana ihu, ka bari ya gama. Igiyarka ba ta gudu." Ban ja jakin kowa ba ranar, mai shi da kansa ya auno wa tsohuwa dawarta.

Shi ya koya mini karatun ɓarna. Za ka shiga gona, mai ita yana rantsuwa shanun wane ne, kai kuma ka duƙa ka duba. Saniya naɗe ganye take yi da harshe ta fizga, sai ka ga kara ya karkace ko ya tuge daga ƙasa. Akuya tsinka take yi, ta zaɓi mai laushi ta bar saura. Raƙumi daga sama yake ci, ya bar maka sawu mai faɗin faifai. Ka taɓa kashin da ɗan itace ka san ko da asuba aka yi ɓarnar ko tun jiya. Sau da yawa mun tarar awakin mai gonar ne da kansa suka yi aikin, ana neman a ɗora wa baƙo. Ya kuma koya mini garke. Kowane garke yana da uwa, saniyar da in ta ɗaga ƙafa saura suke bi, kuma ba dole ta zama ita ce babba ba. Ka tsaya nesa ka ga wadda sauran ke waiwaya in wani abu ya motsa, ita ce. Wanda ya kori garke daga baya wahala ya saya, ka samu uwar ka bi da ita a hankali, saura za su biyo ka har ƙofar ɗakinka. Damina bayan damina ina bin bayansa a ƙafa, ƙauye zuwa ƙauye, har iyakarmu da mutanen Kona.

Sai aka zo da maganar komin, wato ƙaramar hukuma. Aka ce kowane yanki zai zaɓi konseye, wato wakilansa, su kuma su zaɓi magajin gari a buɗe meri. Aka raba aiki: kasuwa da hanyoyi da tsabta da tsare dabbobin da suka yi ɓarna, na meri ne, sulhu tsakanin mutane yana nan hannun Sarki, in jini ya zuba ko an yi babbar sata, sai jandarma. A bakin mai faɗa abin tsaf yake. Amma ku gaya mini, akuyar da ta ci waken mutum, ai tsarewa take bukata da sulhu duka biyu, kuma akuya ɗaya ce. Nan rikicin yake kwance, ba wanda ya lura.

Magajin garin da muka samu lokacin Mushe Sani ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan garin nan, wanda rabin konseyen ya taɓa zane su da bulala a aji. Mutumin kirki ne, mai gaskiya, sai dai taurin kai kamar an jiƙa fata an shanya. Da meri ta zauna da gindinta ya ce zai kafa polis na gari, yana son wanda ya san dabba da mutane. Ya aika fada neman izini a ba shi ni. Sarki bai ce e ba, bai ce a'a ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin sallama na tafi. Daga ranar Baba Tanko ya daina kira na Lawali. In mun haɗu a hanya sai ya ce, "Mushe polis, an wuni lahiya?" ya wuce. Wallahi abin yana yi mini ciwo.

Ranar da aka raba mana kaya an ba mu tenu da bere da takalma masu nauyi da usur. Ba bindiga, har yau kuma ba mu da ita, kuma ni ban taɓa kewarta ba. Na ƙara da igiyata ta kaba da gorar ruwa, su na taho da su daga fada. Kasuwar da ta biyo baya wani sa ya kwance daga amalanke ya shiga layin masu tukwane, yana tafiya a hankali yana shinshina, bai fasa ko kasko ba. Sai wani abokin aikina, Allah ya jiƙansa, ya ga dama ta samu ya gwada sabon usur, ya cika kumatu ya busa a bayan kunnen san. Ina! Kafin ka ce me, layin nan ya koma tsingaro, mata na zagi, yara na dariya. Shi ya sa nake ce muku usur na ɗan kabu-kabu ne da direban da ya tare hanya. Dabba ba a busa mata, magana ake yi mata.

Mutanen da za ku yi wa aiki kuwa, ku shirya. Wanda ya zaɓi magajin gari gani yake kai yaronsa ne, wanda bai zaɓe shi ba gani yake kai maƙiyinsa ne, kuma duk su biyun ranar da aka sace musu tunkiya ƙofarka za su buga. Bakin kasuwar nan da kuke wucewa yau salun-alun, da can amalanke ne ke cushe shi, ko mai naƙuda aka ɗauko sai an sauke ta an tallabe ta a ƙafa. Ban kama amalanken kowa ba. Na je gidan shugaban masu amalanke, na sha shayinsa har ya gaji da ni, shi da bakinsa ya zaɓi filin da za su koma gindin gawo, ya kuma je ya faɗa wa mutanensa cewa dabararsa ce. Na bar masa, ni hanya nake so.

To, mu zo ga garka. Da can dabbar da ta yi ɓarna ƙofar fada ake ɗaure ta, kusa da rijiya, har a yi sulhu. Da meri ta karɓi aikin sai ta gina furiyar, wato garkar tsare dabbobi, da katangar siminti da ƙofar ƙarfe, can bayan gari inda aka samu fili. Gini mai kyau, har daga Tasawa an zo kallo. Ruwa ne babu. An ce za a haƙa fomfo baɗi, baɗi ta zo aka ce wata baɗin. Muddin akuya biyu ce ko jaki ɗaya, da bido, jarkar roba, muke ɗauko musu ruwa, ba wanda ya damu. Makullin kwaɗon ƙofar a hannuna yake.

Shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya ɗauke da wuri can arewa, ciyawa ta ƙone. Makiyaya suka gangaro tun ba a yi shelar sakin gonaki ba, wato ranar da hukuma ke cewa manoma sun gama kwashe amfani, dabbobi na iya shiga su ci kara. An yanke gero, amma wake yana nan kwance shar a gonaki, kuma shekarar waken nan shi ne duk abin da mutane suka sa wa ido. Altine yana cikin waɗanda suka sauko. Ba baƙo ba ne, duk shekara yana sauka nan, matarsa Dudu na sayar da nono a unguwarmu. Wata safiya shanunsa suka kubce masa suka faɗa gonar Isuhu, wani manomi mai iyali da yawa da zafin zuciya, suka yi mata aski. Na je na duba, ba ƙarya, shanu ne, kuma na Altine ne, shi ma bai musa ba. Isuhu da danginsa suka koro garken gaba ɗaya har furiyar. Na buɗe, suka shiga, na kulle. Iyakar abin da Altine ya mallaka a duniya ke nan a bayan ƙofar nan.

Kafin azahar sai ga Baba Tanko cikin jar rigarsa. Sarki ya ce sulhu nasa ne, don haka a kai shanu ƙofar fada kamar yadda aka gada. Mushe Sani ya ce tsarewa ta meri ce, shanu ba inda za su je. "In na buɗe yau don an aiko daga fada," in ji shi, "gobe sai mu rufe meri mu koma gida." Baba Tanko ya koma, ya dawo, ya zaro wani ƙaton kwaɗo daga aljihu ya maƙala a saman namu, ya danna. Bai ko dube ni ba. Saƙon fada shi ne, tunda meri ta hana Sarki shanu, ita ma ba za ta taɓa su ba sai da saninsa. Ƙofa ɗaya, kwaɗo biyu, ba mai iya buɗewa sai da ɗan'uwansa. Mushe Sani ya hau moto ya nufi Mayahi wajen perefe, wakilin gwamnati da ke saman su duka, don a raba gardama, ya tarar perefe ya fita rangadi, sai ya ce shi ba zai dawo hannu wofi ba, ya zauna jira.

Kun san zafin kaka. Garkar nan ba inuwa ko ta tsinke. Aka wuni, aka kwana, aka sake wuni. Dudu tana ɗauko ruwa a ƙwarya daga fomfon cikin gari, tana miƙawa ta kan katanga, shanu na turereniya suna kifar da shi. Me ƙwarya za ta yi wa garke? Na roƙi masu amalanke su kawo ruwa a tano, wato duro, suka ce suna jigilar gero, gaskiyar magana kuwa manoma ne, ba mai son a gan shi yana shayar da shanun da suka ci waken ɗan'uwansa. Ga Isuhu da mutanensa sun yi sansani gefen garka da sanduna, don an baza musu cewa za a saki shanu a ɓoye ba a biya shi ba. Altine kuwa ya zauna jikin ƙofar ƙarfen nan, sandarsa a kan cinya, ba ci ba sha. Kukan shanu ya cika gari, har cikin masallaci ana jin sa.

Da gari ya sake wayewa sai na ji shiru. Ku riƙe wannan, ƴaƴana: saniya mai kuka da sauran ƙarfinta. Na taka dutse na leƙa, na ga idanu sun faɗa, harsuna a waje, wata farar saniya mai ciki ta kwanta ta miƙe wuya a ƙasa. Na diro daga dutsen. Na tafi fada kai tsaye, karon farko tun da na cire jar riga, na tarar da Baba Tanko a gindin itacen bedi. Na tsuguna na gaishe shi yadda ya koya mini, ban tsallake ko ɗaya ba, sannan na ce, "Baba, sun daina kuka."

Ya ɗago kai. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun asuba. Ɗaya ta kwanta."

"Makulli na aljihuna, Lawali," in ji shi, "amma bakin da zai ce a buɗe ba nawa ba ne. Naka ma haka. Tahi ka nemo mai gidanka."

Ya kira ni Lawali, amma ban samu sukunin jin daɗi ba. Allah ya taimake mu, ina komawa sai ga ƙarar moto, Mushe Sani ya gaji da jiran perefe ya dawo. Ya fara yi mini bayanin doka, na ce, "Ranka ya daɗe, taka nan tukuna." Na riƙe masa moto ya hau kan sirdin ya leƙa ta katanga. Ya daɗe a sama. Da ya sauko muryarsa ta canza. Ya ce, "Zuwa yaushe za su kai?" Na ce, "In la'asar ta yi suna nan, gawa za mu fara ja." Mushe Sani ya juya. Ya bar moto nan, ya kama hanyar fada a ƙafa, mutumin da tun da aka zaɓe shi bai taka zauren nan ba. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa ya shiga. Abin da suka faɗa wa juna shi da Sarki ban ji ba, kuma ba zan ƙaga muku ba. Abin da ya fito dai shi ne: shanu suna nan a tsare cikin garkar meri, gobe a yi sulhu a fada magajin gari na zaune, yau kuma a kai su rijiya a dawo da su, polis a gaba, dogari a baya.

Kuna tsammani an gama? Yanzu aikin ya fara. Rijiyar dabbobi tana can cikin fadama wajen gorubai, kuma burtalin da ke zuwa can gonaki sun cinye shi har ya koma ƴar siririyar hanya, dama wake, hagu wake. Garke mai yunwa da ƙishirwa za ka ratsa da shi ta nan, masu gonakin kuma ga su tsaye da sanduna. Saniya ɗaya ta sa baki, sanda ɗaya ta sauka, shi ke nan, dangin Altine suna nan bayan tudu suna kallo, sai dai jandarma su zo kwasar mutane.

Isuhu ya tare ƙofa yana cewa, "Wallahi ba saniyar da za ta hita nan sai an biya ni wakena!" Baba Tanko ya je ya gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya bar shi ya yi ihunsa har ya ƙare. Sannan na matso na ce, "Isuhu, matacciyar saniya ba ta biyan wake. In suka mutu nan, kai ka yi asara, shi ya yi asara. Kuma ba sakin su za a yi ba, ni zan kai su in dawo da su, kana gani."

"In ɗaya ta sa baki gonar wani hwa?"

"To ni na ci, ni za ka kai fada. Amma ba za ta sa ba, don ku za ku tsare. Kowa ya tahi ya tsaya bakin gonarshi. Sandunan nan naku kada wanda ya ɗaga, ku riƙe su a kwance, kan taka ya taɓa kan ta maƙwabcinka, ku yi mana shinge."

Suka dubi juna. Wani dattijo a cikinsu ya ce ai wannan magana ce, gara mutum ya tsare wakensa da ya tsaya nan yana gadin katanga. Isuhu ya ce ya yarda, amma da sharaɗi, Bafillace ya ajiye sandarsa. Ku da kuka tashi a gari ba ku san nauyin wannan ba. Makiyayi ko wanka zai yi sandarsa na kusa da hannunsa. Altine ya miƙe, ya dubi Isuhu, ya dubi ƙofar, sannan ya miƙa wa Baba Tanko sandar da hannu biyu. Baba ya karɓa da hannu biyu shi ma.

Baba Tanko ya buɗe nasa kwaɗon, na buɗe nawa. Ban wangale ƙofa ba, na shige ni da Altine muka turo ta. Na ce ya nuna mini uwar garke ko da yake na riga na gane ta, wata ja ce mai karyayyen ƙaho. Na zarga mata igiya a gindin ƙahoni, ba a wuya ba, don in ta ja kada ta shaƙe ta haukace. Abokan aikina na karɓe usur ɗinsu duka na zuba a aljihu, na ce su bi gefe, kada wanda ya yi tari. Muka fito, ni da jar saniya a gaba, Altine a gefena hannu wofi yana yi musu wannan ɗan kiran nasu ƙasa-ƙasa, Baba Tanko can baya da jar riga yana tafiyarsa ta kullum. Farar da ta kwanta muka bar ta da Dudu tana jiƙa tsumma tana matsa mata a baki.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. Manoma jere dama da hagu har iya ganinka, sanduna a kwance, ba mai magana, sai ƙarar kofato. Muna cikin tafiya iska ta juyo daga fadama ta kawo ƙanshin ruwa. Jar saniya ta ɗaga hanci ta fizge ni, igiya ta ci tafin hannuna, ga tabon nan har yau, ku duba. Na san in ta yi gudu duk garken zai ɓarke, ba shingen da zai tare su. Na jingina kafaɗata a wuyanta na sa duk nauyina, ina ce mata sannu, sannu, uwar gida, an kusa. Altine ya sa tafinsa a goshinta yana kiran sunanta. Ta yi huci, ta yi huci, ta koma taku. Sai wani ɗan bijimi daga tsakiya ya ɓalle ya yi hagu, kuma don Allah ya gwada mu, daidai inda Isuhu ya tsaya yana taya ƙanensa tsaro. Na ga sandar Isuhu ta tashi sama. Na ce shi ke nan. Ta tsaya a saman nan, sai ya sauke ta a hankali ya gitta ta a ƙirjin bijimin ya tura shi, yana cewa, "Koma, ɗan banza, wanda ka ci bai ishe ka ba?" Wani ya tuntsire da dariya, dariya ta bi layi har ƙarshensa. Bijimi ya koma cikin ƴan'uwansa bai tsinki ko ganye ba.

A bakin rijiya ma akwai aiki, don dabbar da ta daɗe ba ta sha ba in ka bar ta ta cika ciki lokaci ɗaya, nan za ta kumbura ta faɗi. Kaɗan ake zubawa a kwami, su sha, a janye su, a jira, a ƙara. Dangin Altine suka sauko daga tudu suka kama guga. Samarin manoma da suka biyo mu kallo suka ga hannu bai isa ba, su ma suka kama. Mushe Sani da kansa ya ja guga ɗaya, rabi a kwami rabi a wandonsa. Da shanun suka farfaɗo suka fara kaɗa wutsiya, muka juyo da su ta cikin shingen nan muka mayar da su garka, ba a rasa ko ɗaya ba, ba a taɓa waken kowa ba.

Duk tsarin da kuka tarar daga ranar ya samo asali. Washegari aka yi sulhu a fada, aka kiyasta ɓarna, Altine ya biya. Zaman konseye na gaba aka yanke cewa ba a sake fita duba gona sai polis da dogari tare, garka ta meri ce, sulhu na Sarki ne, kuma ba a kulle dabba ta wuni ba ruwa ko wa ke rigima da wa. Aka haƙa fomfon da aka yi ta alkawari, aka dasa bedin da kuke fakewa ƙarƙashinsu, aka sake buɗe burtali aka kafa masa duwatsu. Har daga wasu komin an aiko a ga yadda muke yi, ni na zagaya da su, kuma ba zan ɓoye muku ba, da alfahari na yi.

Amma ban manta da wadda muka bari kwance ba. Ranar, da muka dawo daga rijiya, tana nan yadda muka bar ta. Muka ɗauko tano a amalanken kwasar shara na meri, wanda ba ya fita sai da izinin magajin gari, aka ba ta kaɗan-kaɗan, ta sha, ta ɗaga kai, amma ƙafafu sun ƙi. Saniya mai ciki in ta kwana a haka ba ta tashi. Ni da Altine muka gwada ɗaga ta, ko motsi. Sai ga Isuhu ya shigo yana tsaki. "Ku matsa, ba haka ake yi ba, ni ma ina da shanun amalanke." Ya zura sandarsa ƙarƙashin ƙirjinta, ya kira ƙanensa ya zura tasa ta wajen mara. Baba Tanko ya ƙara da sandar Altine da ke hannunsa. Muka rabu gefe da gefe, dogari da polis da manoma, magajin gari ya kama ƙarshen sanda ɗaya, Altine ya riƙe wutsiya. Baba Tanko ya ce bismillah, muka ɗaga. Ta yi nauyi kamar rumbu. Ƙafafunta suka taɓa ƙasa suna rawa, muka riƙe ta a haka gumi na zuba, har muka ji nauyin yana barin hannuwanmu. Aka zare sanduna ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya. Ta yi taku ɗaya, ta buɗe ƙafa ta saki fitsari daidai kan takalmin Mushe Sani. Dudu ta rangaɗa guɗa, mu kuwa har da masu zama ƙasa don dariya.

Rana ta yi sanyi, mutane suka fara watsewa. Baba Tanko ya zare kwaɗonsa daga ƙofa ya jefa a aljihu, ya mayar wa Altine sandarsa. Ni kuma na tsaya da nawa a hannu ina jin nauyi, don dole in sake kulle shanun mutumin nan a gabansa, bayan duk abin da ya gani a bayan ƙofar nan. Altine ya zagaya garken ya shafa farar saniya, ya fito. Da hannunsa ya jawo ƙofar ƙarfen ya rufe ta a kan dukiyarsa, ya daidaita mini ƙarfen kwaɗo.

"Kulle, polis," in ji shi. "Ni zan tahi in ci abinci."

Na kulle. Ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya kama hanyar tudu, Dudu na bin sa da ƙwarya, har ya ɓace bai waiwayo ba.